Waƙar Mama a Bakin Wani

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangiji wanda kika koma wurinsa. Ina rubuto miki daga Fatakwal, inda neman abinci ya jefa ni tun da kamfaninmu na Kudenda ya sallame mu. Na san ba ke za ki karanta ba. Masu bin shafina na intanet ne za su karanta, kuma a cikinsu akwai waɗanda nake so maganar ta shiga kunnensu.

Mama, waƙarki ta yi suna. Wadda kika haɗa bayan rikici ya lafa sojoji sun koma bariki, lokacin da gari ya rabu biyu, muka ƙetaro gada da katifa a ka muka sauka unguwar Kamazou. Ina tuna ki kina surfen wake kina gwada ta ƙasa-ƙasa, ki canza kalma, ki sake ɗauka. Sai kika kai ta zumuntar mata ta coci da tulun kiɗanki a hammata. Kafin damina ta wuce, har a Rido ana rera ta.

Yanzu wani saurayi mai farar kwat ya shiga situdiyo da ita, ya sa mata jita, ya fitar da bidiyo. A ƙasan bidiyon an rubuta shi ya tsara, shi ya rera. Na ji shi a rediyo yana cewa wai a mafarki aka ba shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da murya, kuma bai ɓata miki kalma ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Har baitin ƙarshe ya kawo, wanda ba kwa rerawa sai a gidan makoki. Wani ne ya zaunar da shi ya koya masa. Akwai wanda nake zato, amma ban gani da idona ba, don haka na bar shi da Allah.

Na san abin da za ki ce. A zumunta ba a cewa ni na yi. Kin sha faɗa mana, "Waƙa ta Ubangiji ce, mu baki kawai muka ara masa." Da wannan na girma, kuma na yarda da shi. Amma yau ina tambaya, me ya sa mata kaɗai ake koya wa wannan tawali'u? Mazan da ke waƙa a cocinmu, kowa sunansa da hotonsa na jikin fosta tun zamanin kaset. Ban taɓa jin an kira ɗayansu an ce girman kai ne ba.

Jikarki Rifkatu, 'yar Yaya Ladi, ita ce ta kasa haƙuri. Ta rubuta a ƙasan bidiyon cewa waƙar kakarta ce. Mama, ba wanda ya tambaye ta ko gaskiya ne. Tambayarta suka yi ko tana da miji. Suka tono hotonta na makaranta sanye da wando, suka yi ta yaɗawa. Wani ya ce mata ba sa haɗa waƙa, amshi ne aikinsu. Wani dattijon coci ya bugo wa Yaya Ladi waya, wai ta ja wa yarinyar kunne kada ta zubar da mutuncin gida. Saurayin kuwa ba wanda ya bugo wa uwarsa. Rifkatu ta goge rubutun, ta rufe shafinta. Ko a waya yanzu, da na soma zancen sai ta ce, "Kawu, a bar shi."

Sai ga wasu mata daga wata ƙungiya a Abuja sun neme ni. Zan faɗi gaskiyarsu: su kaɗai suka tsaya wa Rifkatu, kuma yawancin abin da suke faɗa haka yake. Suna son hotonki, wanda kike cikin ankon zumunta, za su rubuta a kansa cewa uwa ce da aka hana magana. Ke, Mama? Da idan kika ɗaga waƙa masu kabu-kabu a bakin titi suke waigowa? Na ce wata a cikinsu ta rera mini ko baiti ɗaya, aka rasa. Ina tsoron fuskarki suke bukata, ba waƙar ba. Ban ba su ba, ban kuma hana ba tukuna.

Na kira Mama Kande, uwar zumuntarku. Ta ce ta sani, duk tsofaffin sun sani, amma ba al'adarsu ba ce su tashi su yi jayayya a kan waƙar Ubangiji. Ta yi ajiyar zuciya ta ce yara a coci sun fara kiran waƙar da sunan saurayin. Waɗanda suka gan ki da tulun nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In suka ƙare, abin da aka rubuta a ƙasan bidiyo shi zai zama gaskiya.

Saboda haka ki yafe mini, zan karya miki doka a gaban mutane. Ban taɓa kiran sunanki ba tun da aka haife ni, kunya ba ta bari. Wadda ta haɗa waƙar nan sunanta Saratu. Ba matar wane ba, ba maman wane ba. Saratu. Mai son zagi ya zo wurina, hotunana suna nan, kuma a dukansu da wando nake.

Ubangiji ya ba ki hutu a wurinsa. Ya buɗe bakin tsofaffin da suka sani, ya mayar wa Rifkatu da ƙarfin zuciyarta. Saurayin nan ma, ya ba shi waƙa tasa ta kansa. Amin.

Naki har mu sadu,
Ɗanki Danjuma