Uwar da Ke Cikin Littafin

Keffi, daren Laraba, 9 ga Yuli

Barci ya ƙi zuwa. Ni da hannuna na ba ɗana Bulus littafin nan na yaron ƙauye da ya girma ya tafi birni, wanda nake so tun ina sakandare. Na ce ko zai rage zama cikin 'yan acaɓa a Sabon Gari.

Ɗazu muna cin tuwo ya ce, "Mama, ashe yaron littafin nan ma sa'ana ne lokacin da ya bar gida." Na ce ya yi min shiru ya ci abincinsa. Sai ya ce abokinsa ya samo masa aikin lebura a wani gini a Abuja. Yaron da ko a gonarmu ta Panda ba ya iya kwana shi kaɗai! Ga shi har ya wanke takalminsa ya jingine a bakin ƙofa.

Da ya kwanta, na ɗauko littafin ina neman uwar yaron, in ga yadda ta ƙare. Na duba har bangon baya. Tun da motar da ta ɗauki yaron ta bar tasha, ba a sake ambatonta ba.