Na Yi Gudu da Lambarka, Baba

Abbasiya, Alƙahira
Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da nake yi maka kowace safiya, a durƙushe. Na sani sarai takardar nan ba za ta same ka ba. Da kana nan ma, da sai an duba ɗaki uku ana neman tabarau kafin ka fara karantawa, sannan ka kama gyara min Hausa kana cewa daga gani ɗan Masar ne ya rubuta. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da ta tsaya min a wuya, kuma kai ne ya kamata ka ji ta daga farko har ƙarshe.

Gida lafiya lau. Umma ta fita takaba ranar Talata. Ta ce in raka ta kasuwa, muka je muka zagaya, ba ta sayi komai ba sai lemon tsami. Mutane kawai take son gani. Wayarka tana hannuna, kuma har yanzu mutanen Kano da Gusau suna kira, a nema musu likita, a tarye su a filin jirgi, a yi musu tafinta a asibiti. Ina yi musu yadda ka koya min, sai dai ba ni da haƙurinka. Jiya ma wani alhaji ya tambaye ni abu ɗaya sau huɗu, na ji muryata ta fara tashi, na tuna da kai na sassauta.

Na san abin da kake jira ka ji ba wannan ba ne. 'Yan gudunka suna nan, ba su watse ba. Kowace Juma'a bayan asuba suna haɗuwa a kwanar mai ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, kafin motoci su cika titi. Gasannin bana duk an yi su bayan ƙaramar sallah, kafin zafi ya kankama. Ustaz Lawal, ɗalibin nan ɗan Sakkwato mai gudu da dogon wando, ya yi kilomita ashirin da ɗaya cikin ƙasa da awa biyu. Shekara uku kana gaya masa zai iya, yana cewa ƙirjinsa ba irin na gudu ba ne. Yanzu ko gaisawa kuka yi da shi sai ya san yadda ya kawo maganar.

Madam Rifkatu ta ofishin jakadanci kuwa ta shiga gasar nan mai hawa uku a bakin teku, a yi iyo, a hau keke, sannan a yi gudu. Ka tuna yadda ta ƙi sa fuskarta a ruwa, ta ce su a Jos ruwa na sha ne da na wanka? To, ta shiga teku ta fito da ranta. Ita ce ta biyun ƙarshe, amma ta gama, kuma ta ce in gaya wa Umma don kai ta yi. Ta kawo mana kifi daga can. Umma ta karɓa ta gode, da ta tafi kuma ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu sai tawa.

Baba, shekara takwas kana gudu, tun ranar da likita ya tsorata ka da maganar sukari, ban taɓa zuwa kallonka ba ko sau ɗaya. Kai ka ɗauka barci ne ke hana ni. Kunya ce. Dattijo da furfura, wanda ake kira Malam a masallaci, ga shi a titi da wando iya gwiwa da jar hula yana haki. Akwai ranar da na hango ka kusa da tashar jirgin metro ina tare da abokaina, na tsallaka titi kamar ban gan ka ba. Ka gan ni ranar? Ina zaton ka gan ni, don da na dawo gida ba ka ce min komai ba, kai kuma ba ka cika yin shiru haka nan ba.

Wata biyu bayan rasuwarka saƙo ya shigo wayarka, wai ka zo ka karɓi lambar ƙirjinka ta gasar kilomita goma. Ashe tun cikin sanyi ka yi rajista, kamar kullum, don kai ba ka yarda a riga ka ba. Na karanta saƙon ya fi sau goma. Ranar karɓa na ɗauki katin shaidarka na je, na ce na zo karɓar ta mahaifina ne. Yarinyar da ke wurin ta miƙo min, ta ce a gaishe ka. Na ce za ka ji. Ga sunanka an buga a jikin lambar da manyan haruffa.

Ban gaya wa kowa ba. Na fara fita atisaye ni kaɗai da sassafe, ina bin ta bayan unguwa don kar 'yan ƙungiya su gan ni. Niyyata ɗaya ce, in kai lambarka ƙarshen titin nan tunda ka yi niyya, ko da tafiya ce zan yi. Abin da ban sani ba, don ban taɓa tsayawa na saurare ka ba idan kana bayani, shi ne ana raba sakamako ne bisa shekaru. Ɗan abin da ke manne a bayan lambar, wanda yake ɗaukar lokaci, bai san fuska ba. A wurinsa, mai wannan lamba dattijo ne ɗan shekara sittin da uku. Ni kuma talatin da ɗaya gare ni.

Ka san Ammu Fathi fiye da yadda na san shi. Tsohon direban jirgin ƙasan nan na Ainu Shams, abokin tsokanarka, wanda kullum kake na uku a rukunin 'yan sama da sittin shi yana na huɗu. Shekara nawa yana binka a baya? Ko sau ɗaya bai taɓa hawa dandamalin nan na ukun farko ba. Ranar jana'izarka shi ya fi kowa kuka, har sai da Ustaz Lawal ya riƙe shi. Daga baya na ji cewa bana ya dage da atisaye sosai, har ya bar shan shisha.

To, ranar gasar, saura kamar rabin kilomita a gama na hango shi a gabana. Na gaji, amma ka san halin ɗanka. Na ce ni da ƙuruciyata tsoho ba zai riga ni ba. Na matsa, na kamo shi. Da na zo daidai da shi ya waiwayo, idonsa ya sauka a ƙirjina, ya karanta sunanka. Na ga ya ɗan rage gudu. Sai ya buga min hannu a baya, ya ce min yalla, wato maza mu je, da irin muryar da na san da ita yake ce maka. Na wuce shi, Baba. Na ma ji daɗin wucewar, wannan ita ce gaskiya.

Ina gamawa na zube a kan ciyawa can gefe, na yi amai, na cire lambar na cusa a aljihu, na nemi ƙaramar bas na gudo gida. Ban tsaya rabon kyauta ba. Abin da ya faru a can, Madam Rifkatu ce ta ba ni labari. An zo rukunin dattawa, aka kira na ɗaya, aka kira na biyu, sannan aka kira sunanka a lasifika. Aka sake kira. 'Yan ƙungiya duk suka daskare, ba wanda ya san abin da ke faruwa. A kira na uku Ammu Fathi ya tashi ya je gaban teburi, ya ce kai abokinsa ne, ba ka samu damar tsayawa ba, a ba shi ya kai maka.

Washegari ya zo gidanmu da jallabiyarsa mai kyau. Umma tana cikin takaba lokacin, saboda haka a bakin ƙofa ya tsaya. Ya miƙo min lambar yabon ta tagulla a cikin hankici, ya ce a ba Hajiya. Bai tambaye ni komai ba. Da na buɗe baki zan yi bayani ya ɗaga min hannu ya ce khalas, wato magana ta ƙare, wai ya saba ganin sunanka a saman nasa, in bar shi a inda yake.

Wallahi na so in bar shi. Kwana goma sha ɗaya ina buɗe shafin sakamakon a waya ina kallo. Ga sunanka, ga shekarunka, ga lokaci a gabansa, a jere da na rayayyu, kamar ka fita ne za ka dawo ka nemi shayi. Wa zai cutu? Mutumin da aka danne wa haƙƙi da kansa ya ce a bari. 'Yan ƙungiya ma, da suka gane, ba wanda ya ga laifina. Umma ta rataye tagullar a jikin madubi, ba ta ce a bari ba, ba ta ce a mayar ba. Kallona kawai take yi idan na wuce ta wurin.

Amma ba kai ka yi gudun nan ba. Kuma ni na san ka. Shekarar da aka manta ba a sa alama a wata kwana ba, jama'a suka yanke hanya ba da saninsu ba, ai kai kaɗai ka koma baya ka zagayo, ka rasa matsayinka, ka dawo gida kana dariya. Yaya zan bar ƙarya a matsayin abu na ƙarshe da aka rubuta a gaban sunanka? Kuma yaya zan riƙa haɗuwa da Ammu Fathi, mai shekara sittin da shida, wanda ba na jin yana da irin wannan gudun da yawa a gaba?

Ranar Lahadi na je ofishin masu shirya gasar. Wani ɗan ɗaki ne a hawa na biyu, cike da kwalayen riguna. Na tarar da yarinyar nan da ta ce a gaishe ka. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa da Larabci mai kyau, amma da na tsaya a gabanta sai komai ya gudu. Ta tambaye ni ko lokacin ne aka rubuta ba daidai ba. Na ce a'a. Ta ce ko sunan ne. Na ce a'a. Sannan na ce mata mahaifina bai yi gudun nan ba, ni na yi, shi ya rasu tun watannin baya.

Baba, wata huɗu da wani abu, ban taɓa faɗin kalmar nan da bakina ba. A jana'iza wasu ne suka faɗa. Masu kira daga gida, nakan ce musu ba ka nan, ni ne ɗanka. Sai ga shi na faɗa wa baƙuwa, a tsakanin kwalaye. Ta yi min ta'aziyya, ta juyo min da fuskar kwamfutar don in tabbatar layin ne. Na nuna mata da yatsana. Ta goge, sunan Ammu Fathi ya hau sama. Na sauko ƙasa na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ka.

Yau da safe, a kwanar mai ful, a gaban kowa, na ba Ammu Fathi tagullarsa. Umma ce ta cire ta daga madubi da hannunta, ta goge ta, ta naɗe a hankicinsa. Ya ƙi karɓa har sau biyu, ya ce ni ɗan taurin kai ne kamar ubana. Da Ustaz Lawal ya rataya masa a wuya sai ya riƙa shafa ta da babban yatsa. Da ita ya yi gudun yau gaba ɗaya, tana dukan ƙirjinsa. Ni kuma na bi shi a baya, ban wuce shi ba.

Na sake duba shafin ɗazu. Ba ka ciki, Baba. Ni na cire ka, kuma na san da kana nan kai za ka aike ni. Ka yafe min ƙaryar, ka yafe min titin da na tsallaka. Ina kewarka ƙwarai, fiye da yadda zan iya rubutawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda ba rabuwa.

Ɗanka da bai zo kallo ba sai da ka tafi,
Muntari