Itacen Wankan Suwaiba

Istanbul

Zuwa ga Yaya Kaltumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da ɗaukacin mutanen Dutse.

Yaya, ba zan yi miki kewaye-kewaye ba, domin ni ɗalibin kimiyya ne. Hoton cikin matata Suwaiba ya nuna ƙashin bayan jaririn bai haɗe ba, lakarsa tana waje. Likitocin nan za su iya yi masa aiki tun yana ciki: su buɗe mahaifa, su mayar da lakar mazauninta, su janyo fata daga dama da hagu su ɗinke. Idan fatar ta gaza, su sa maho. Sharaɗin shi ne a yi kafin ciki ya cika wata shida, kuma daga nan ba tafiya har ta haihu.

Suwaiba ta ƙi sa hannu sai Innarta ta yafe mata zuwa goyon ciki Kiyawa, kunyar ɗan fari kuma ta hana ta faɗa mata. Saboda haka na rubuta wa Inna da kaina, cikakken bayani har da zane. Ina da yaƙinin hujja za ta rinjayi al'ada.

Kullum ina mafarkinsa yana shawagi cikin wani ruwa mai haske, ya juya mini baya, kamar yana jira in rufa masa wani abu.

Ƙaninki,
Zaharadeen

Dutse

Zaharadeen,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba baƙonmu lafiya.

Kai da digirinka, wa ya ce maka suruki yana zana wa surukarsa mahaifar 'yarta? Inna ba ta karatun boko. Mai shagon ƙofar gidansu ta ba ya karanta mata, ya kai tsakiya ya ninke ya miƙa mata.

Na je Kiyawa ranar Asabar. Itacen wankan jego ta tara a tsakar gida har ya kusa kan katanga, ga sabuwar tukunya a kife. Ban ambaci ciki ba. Cewa na yi baƙon da ke tafe yana da ɗan rauni a baya, masu gyaran kuma ba sa zuwa gida, sai dai a zauna musu. Ta daɗe tana kallon itacen, sannan ta ce ko zan sha fura.

Ka bar rubuta mata.

Yayarka,
Kaltumi

Istanbul

Yaya,

Ina gaisuwa, tare da amincewa da kuskurena ba tare da jayayya ba.

Likita ya tsayar da Alhamis ta sama. In ta wuce, dama ta kuɓuce. Suwaiba takan wuni a bakin taga tana kallon teku. Ta ce tana jin ƙamshin hayaƙi da dafaffen ganyen darbejiya, alhali babu ko murhu a unguwar nan. Jiya na riƙe hannunta, yaron ya motsa a cikinta.

Na yi nazari iyakar iyawata, ban gano ma'anar furar ba. Amincewa ce ko ƙi? Ki taimake ni.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Zaharadeen

Dutse

Zaharadeen,

Gaisuwa gare ku duka. Na koma Kiyawa jiya. Tsakar gidan a share take, babu itace ko ƙirare ɗaya. Maƙwabciyarsu ta haihu, Inna ta sa an kwashe mata duka, har da tukunyar.

Da zan tafi ta rako ni zaure, ta ɗora mini majanyin da ta goya Suwaiba da shi. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ki aika musu. A ce kada a ɗaure da ƙarfi, wurin ɗinki ne."

Ka ba Suwaiba alƙalami.

Allah ya raba lafiya,
Kaltumi