Ƙarangiyar da ke cikin jini

Zuwa ga jikana Isufu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina karatu, ina sanyin Faransa? Mu nan Dogarawa lafiya lau, gero ya yi bununi.

Takardarka ta iso, da kaina na karanta ta, murna ta hana ni zama. Karatun yaƙi da jahilci bai tafi banza ba! Na gane zanenka: ƙwayar zazzaɓin sauro tana shiga ƙwayar jini, ta fiddo 'yan ƙayoyi da kuke kira furotin, su maƙale a jijiya kamar ƙarangiya a wando. Aikinku ku gano siffar ƙayar don a karya ta.

Kakarka ta duba, ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya ƙwace mini miji, ya kai shi Faransa?" Sai kuma ta daina wasa. 'Ya'ya uku muka binne da damina, ba mu taɓa ganin abin da ya ɗauke su ba sai yanzu.

Ƙanwarka Rabi ta haihu, namiji, ga sauro ya yi yawa bana. Ka yi sauri, abokina. Ka sa jaririn a addu'a, ka gaida malamanka.

Kakanka,
Abdu