Hotunan Da Mama Ta Ɗiga Wa Jan Farce

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin don Allah a sa min wannan ba suna, na san akwai 'yan Suleja da yawa a nan, wasu ma za su iya gano ni amma ba yadda zan yi. Shawararku nake roƙo don girman Allah, kaina ya kulle, kuma wanda ya kulle min shi yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Bari in faro daga tushe don ku gane. Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai hoto ne. A shekarun casa'in, lokacin da gwamnati ta tare a Abuja ma'aikata suka cika Suleja don haya ta fi sauƙi, shagonsa ba ya rabo da mutane, masu fasfo na neman aiki, 'yan coci ranar godiya, malaman makaranta, direbobin Diko masu son a ɗauke su jingine da mota. Akwai wani labule da aka zana dutsen Zuma a jiki, kowa ya zo sai ya ce a ɗauke shi a gabansa, alhali ga dutsen na gaske can bakin titi. Ina ƙarama sosai a lokacin amma har yau ina tuna warin ruwan wankin hoto. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Mama ma tana ɗauka. Gidajen da namiji ba ya shiga, ita ke sa ƙaramar kyamara cikin mayafi ta shiga, suna, kamu, ranar da mai jego ta gama wanka, ko mace kawai ta yi sabon kitso tana so ta aika wa mijinta da ke aiki Legas. Irin hoton da mace ke cire ɗankwali, wata ma da ɗaurin ƙirji, don ta san mace 'yar uwarta ce ke riƙe da kyamarar. Na Mama baƙi da fari ne, ita ke wanke abinta a ɗakin duhu, Baba ko leƙawa ba ya yi.

Kowane nagatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, yana da ambulan ɗinsa. Baba ke rubuta suna da unguwa da shekara a baya. Mama ba ta yi boko ba, sai ta ƙirƙiro tata alamar, duk hoton da ta ɗauka a cikin gida sai ta ɗiga wa ambulan ɗin jan farce a kusurwa. Ma'anar ɗigon, ba mai gani sai matar da ke cikin hoton. Ko mijin matar ya zo neman kwafi Baba zai ce masa, "Alhaji je ka turo Hajiya, wannan ba hurumina ba ne." Da wannan ɗigon matan unguwa suka yarda suka bar nagatif ɗinsu a gidanmu duk shekarun nan.

Bayan rasuwar Baba sai na buɗe akwatin ƙarfen da ake ajiye ambulan ɗin na ga danshi ya fara cin wasu. Ni aikina a Abuja ajiyar fayil ne a kwamfuta, na san in ka sikana hoto ka ajiye ba bayani, kamar ka kai kaya tasha ne ba ka rubuta sunan mai shi ba. Bayanin nan shi muke kira metadata, ana manna shi a cikin fayil ɗin kansa, duk inda hoto ya je yana tafe da shi. Sai na ari sikana, injin da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, duk ƙarshen mako ina zaune a falo, Mama na gefe da gilashinta tana gaya min, wannan wance ce matar wane ta unguwar Iku, wannan ta rasu, wannan ta ƙi yin dariya ranar don haƙorin Makka ya faɗi. Kowane hoto na ba shi lamba, waye a ciki, wace unguwa, wace shekara, wa ya ɗauka, Baba ko Mama, sannan gurbi na ƙarshe, wa aka yarda ya gani. Duk mai jan farce na rubuta masa "sai mai shi kaɗai". Bayana ya yi ciwo, idona ya yi ciwo, amma wallahi ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, don ban taɓa hira da Mama mai tsawo haka ba.

Ana nan sai Yaya ya zo da labari. Shi yana aiki da wata cibiya a Abuja masu tattara tsofaffin hotunan garuruwan da ke kewaye suna sawa a shafinsu na intanet. Ya ce wannan dama ce sunan Baba ya dawwama. Mama har da hawaye don murna. Ya ce amma su suna da nasu tsarin bayanin, irin wanda duk manyan wuraren adana tarihi ke bi, dole a daidaita nawa da nasu kafin su karɓa, in ba shi hadis ɗin, wato na'urar ajiyar kwamfuta da na tara komai a ciki, zai yi da kansa tunda shi ya san tsarin. Na ce Yaya masu jan farce fa ba sa fita gidan nan, bari in ware su tukuna. Ya ce haba Auta, ni za ki gaya wa, ni da na girma ina ganin ɗigon nan tun ba a haife ki ba, ai tacewa kawai zan yi da gurbin naki, minti nawa ne. A gaban Mama ya faɗa, har da rantsuwa. Na ba shi. Wa zai ce in yi zargin yayana?

Kwanakin baya ina cikin motar komawa gida, mun maƙale a go-sulo wajen Zuma, sai ga saƙo daga wata ƙawata da muka yi firamare tare. Hoto ne ta ɗauko daga shafin cibiyar, ta rubuta a ƙasa, "Ke, wannan ba Hajiyarmu ba ce?" Wallahi mahaifiyarta ce, tana zaune bakin gado da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, tana riƙe da jaririya, jaririyar ita ce ƙawar tawa. A ƙasan hoton ga cikakken sunan Hajiya, ga sunan mijinta, ga unguwa, daidai yadda na rubuta da hannuna. Sunan gidansu kawai ta buga tana neman wani abu daban, shi ne ya fito. Matar nan yanzu ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba hijabi har ƙasa, mijinta dattijo ne da ake zuwa gaisarwa.

Da na isa gida na kulle ɗaki na buɗe shafin. Duk suna nan. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk masu jan farcen. Da farko na ce ƙila kuskure ne, ƙila tsarin nasu ba shi da gurbin da zai ɗauki "sai mai shi kaɗai", ya ɓace a hanya. Na sauke bayanin tsarin nasu na karanta. Akwai gurbin, har ma ya fi nawa, za ka iya cewa a buɗe ga kowa, ko sai da izini, ko a rufe gaba ɗaya. Yaya ne ya cike "a buɗe ga kowa" daga sama har ƙasa. Na sauke hoto ɗaya na duba cikinsa, bayanin da na manna an goge shi, an sa sabo, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san wannan ba ya gogewa da kansa, sai mutum ya zauna ya yi niyya. Gurbin wanda ya ɗauka kuma, duk inda na sa Mama ya mayar Baba. Wato yanzu duk wanda ya buɗe shafin, abin da zai karanta shi ne Babanmu, namiji, ya shiga ɗakin matan mutane ya ɗauke su da ɗaurin ƙirji. Mutumin da ko ɗakin duhu ba ya shiga in Mama na wanki. Yana kabari an liƙa masa wannan.

Na kira Yaya, ya ce yana mitin. Na same shi har gida. Bai ma musa ba. Ya ce cibiyar hotunan cikin gida suka fi so, na fasfo da na labulen Zuma kowa na da su, da ya ware masu jan farce da ba su karɓi ko ɗaya ba. Ya ce da ya bar sunan Mama za su nemi ganin ta, su nemi takardar amincewar kowace mace, abin ya lalace. Na ce to me ya sa ka bar sunayensu da unguwanninsu, ya ce ai hoto mai cikakken bayani ya fi daraja a wajensu, har yaba masa suka yi. Aikina ne fa aka yaba masa da shi. Ya ce rabin matan sun rasu, rabin sun tsufa, tarihi ne, in daina abu kamar 'yar ƙauye. Na yi kuka, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba. Da zan fita ya biyo ni bakin get ya ce, "Ki tuna dai ke kika rubuta sunayen, ke kuma kika fito da su daga gida, in ta fashe ba ni kaɗai za ta jiƙa ba." Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai. Mutumin da ke goya ni zuwa makaranta.

Na kira cibiyar ban faɗi sunana ba, na tambayi yadda ake cire hoto. Matar da ta ɗauka ta yi min bayani da mutunci, ta ce wanda ya sa hannu ya kawo su shi ke da ikon janyewa ko sauya izini, in kuma wani ne ke ƙorafi sai ya rubuto da hujja, su cire tarin gaba ɗaya daga shafin su binciki wanda ya kawo. Hujja ina da ita, ambulan ɗin na nan cikin akwati da ɗigonsu, asalin fayil ɗina ma na nan a laftof. In na rubuta musu, aikin Yaya ya tafi, ga mata ga yara, kuma dangi ni za su ce na tona wa ɗan uwana asiri. Na roƙe shi ya je da kansa ya ce kuskure aka yi a rufe su, ko sauyin gurbi ɗaya ne, ya ce in ba shi lokaci, yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Ƙawata kuma ta ce don darajar Mama ba ta nuna wa yayyenta maza ba, amma ba za ta iya riƙewa har abada ba, kuma ban ga laifinta ba, uwarta ce.

Mama ba ta san komai ba. Tana da hawan jini, kuma duk baƙon da ya zo sai ta ce masa ai yayansu ya kai sunan Malam, wato Baba, Abuja. Jiya ma cewa ta yi in buɗe mata shafin ta gani, na ce ba ni da data.

To 'yan uwa ya zan yi? In rubuta wa cibiyar a bayan idon kowa, duk abin da zai samu Yaya ya same shi? Ko in fara kai maganar wajen kawunmu, alhali na san zai ce a rufa a yi haƙuri, hotunan kuma suna can kowa na buɗewa? Masu cewa in gaya wa Mama, ku gaya min da wane baki zan fara. Abin da ya fi damuna, ranar Asabar akwai walimar sauka a Islamiyyar su Mama, kuma ita da Hajiyar nan tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci. In bar ta ta je ta zauna kusa da matar tana dariya ba ta sani ba, ko in gaya mata kafin ta ɗauki mayafi?