Dambun da Na Cinye a Gidanku

Zuwa ga Juwairiyya, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar da nake hangowa tun daga Unguwar Shanu har Kurmin Mashi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi miki albishir cewa masoyinki ya yi suna. Shekara talatin da ɗaya ina taka ƙasar Kaduna, na yi karatu, na koyi aikin kafinta, na riƙe ƙannena, ba wanda ya taɓa cewa ya gama sanin halina. Sai ranar Alhamis ɗin da ta wuce, cikin minti ashirin, gwaggonki Uwani ta leƙo ta bayan labule ta karance ni tas. Allah Ya ƙara mata basira! Wai ni acici ne marar kunya, na zo gaida surukai na cinye kwanon dambu har da suɗe cokali. Wai mai irin wannan hannu, gobe dukiyar marayu zai lamushe.

Sharhabil kuwa, abokina da ya rako ni, cokali ɗaya ya kai baki ya ajiye, ya sunkuyar da kai. Shi ne yanzu ɗan mutunci, ɗan gidan tarbiyya. Na ji har tana cewa ina ma shi ne manemin.

Ya hasken zuciyata, wa ya tashi a cikin Hausawa bai san abincin gidan surukai taɓawa ake yi a ture ba? Tun a hanya na ƙudurta cokali biyu. Amma kin tuna lokacin da kika shigo da tire, idonki a ƙasa, kika raɗa mini cewa ke kika dafa, ɗan kaɗan don mu kawai, kuma kina azumi ba ki ɗanɗana ba? Lomar farko, rabin raina, na ji kamar duk gishirin kasuwar Kawo aka juye mini a harshe. Ina jin sau biyu kika zuba, ko uku, don hannun mai ɗoki ba ya tuna abin da ya yi. To, kunyar Sharhabil ke nan da ake ta yabo.

Na dubi kwano, na dubi labulen da ke motsi. Na san in ragowar ta koma cikin gida, Gwaggo ce za ta fara kai hannu, kuma kafin magariba dangi kaf sun ji cewa Juwairiyya ba ta iya girki ba, boko ya ɓata ta. Matar da ta auna ƙato da kwano ɗaya, ke za ta ƙyale? Shi ya sa na yi bisimilla na gyara zama. Hawayen da ta gani a idona, ta ce na santi ne. Ledar ruwa shida na shanye kafin in kai gida.

Yanzu an ce Asabar mai zuwa Abbanki zai ba magabatana amsa, kuma kin fi ni sanin cewa maganar yayarsa ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Juwairiyya, tsoro nake ji. Kwana huɗu ke nan ina auna katako ina yankawa ba daidai ba. Ina zan sa kaina in aka ce na rasa ki? Wa zan nuna wa gadon da na fara sassaƙa mana?

Ki daure ki yi wa Abba magana. Ya tambayi limamin unguwarmu, ya tambayi maƙwabtan da suka san ni tun ina yaro. Sai dai na roƙe ki don girman Allah, kada ki wanke ni da zancen gishirin nan, ko da shi kaɗai ne zai cece ni. Gara su hana ni ke suna kira na acici, da su ba ni ke suna yi miki dariya.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona, a ba ni ko a hana ni,

Labaran