Kuɓewar Baba a Kan Sola

Whalley Range, Litinin

Aikin farko yau: duba hoton mitar batir.

Yaya Ramatu,

Assalamu alaikum. Da fatan ke da Baba da mai gidanki Malam Sha'aban kuna lafiya. Na gode da kuka bari ɗan jirgin ruwana ya ci gaba da zama a bayan gidanku, tunda flat ɗina ba fili.

Hoton da Malam ya turo ya dame ni. Batirin sai ƙasa yake yi. Jirgin da iska yake tafiya, amma fitila da rediyo sai da batir, kuma ba zan ɗauki Baba kan ruwa babu su ba. Ranar da na zo na tsoma injin baya cikin durom na ruwa na tayar, ya ba da caji kaɗan, dama ƙarfinsa ke nan. Sauran aikin farantin sola ne, shi kuwa shiru. Da hannuna na haɗa wayoyin, na bi littafi, na sake bi. Watakila na juya ja da baƙi. Watakila aikin ya fi ƙarfina.

Na yi wa Baba alkawarin yawo a tafki kafin ya koma Yawuri. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa kwalekwale, kin ga kunyar da zan ji. Ko ki fara lallaɓa shi a fasa?

Ƙaninki,
Musbahu

Sparkbrook, Laraba

Musbahu sarkin tunani,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ba abin da zan faɗa wa Baba, je ka faɗa da bakinka. Tun da ya ga jirgin nan ya daina zaman falo. Da hantsi sai ya hau da rediyonsa da butarsa, ya zauna wajen tuƙi kamar nasa.

Da na karanta wa Malam wasiƙarka ya ce, "Wane farantin? Baƙin nan da Baba yake shanya a kai?" Na leƙa. Musbahu, kuɓewa ce! Mun sayo da yawa a Stratford Road, Baba ya yayyanka, ya shimfiɗa tsohon zanena a kan farantinka, ya baza. Wai duk Ingila nan kaɗai ya samu wurin da ke ɗaukar zafi. Na ce wuta yake haɗawa, ya ce, "To ai ga shi tana aiki."

Na kwashe. Malam ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana son a fasa.

Yayarka,
Ramatu

Whalley Range, Juma'a

Yaya,

Salam. Hoton yau ya iso, allurar mitar ta hau. Na duba shi har matata Na'ima ta ƙwace wayar ta ce abincinta na hucewa. Ashe haɗin daidai ne. Duk da haka zan sake gwadawa in na zo, kin san hali.

Ki gaida Baba, ki ce shi zai riƙe tuƙi.

Gobe in sha Allah:
Man inji.
Rigar hana nutsewa daidai Baba.
Goge farantin.
Nemo wa kuɓewa wani wurin.

Musbahu